Sunan da Ya Ƙi Fita Daga Bakin Soumaïla

Soumaïla ya shekara goma sha ɗaya yana aikin dare a kasuwar Rungis, a gefen Paris, inda ake sauke abincin da rabin birnin zai ci washegari. A cikin shekarun nan ya haddace sunan tuffa iri ashirin da bakwai, da sunan duk direban babbar motar da ke shigowa daga kudu, har da sunan karen mai gadin ƙofa. Suna ɗaya ne tak bai taɓa fita daga bakinsa ba, shi ne na 'yarsa.

Ba mantuwa ba ce. Yarinyar ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Kadidiatou. A Tawa, inda aka haife shi, ko ɗaya daga cikin biyun nan ya isa ya ɗaure harshen namiji har ƙarshen ransa, shi kuwa duka biyun suka haɗu masa a kan mutum ɗaya mai shekara shida. In yana neman ta sai ya ce "ke", ko "yarinyar nan", ranar da ransa ya yi fari sosai kuma ya ce "yayar Affan". Affan ƙanenta ne, ɗan shekara uku, wanda ake kiran sunansa sau ɗari a yini, galibi don ya sauko daga kan wani abu.

Matarsa Raihana tana zaune da yaran a Lyon, hawa na tara a unguwar Minguettes, inda aka haife ta. Shi yana zuwa duk bayan sati biyu, ya yi sallama, ya faɗa kan doguwar kujera ya yi barci baki buɗe har la'asar. Ita Raihana tuni ta sasanta da al'ada. Ta raba sunan biyu, tana cewa Kadi, wai sauran rabin ta bar wa surukarta.

A watan Yuni, makon da yara ke yi wa iyayensu maza kati a makaranta, malamar ajin Kadi ta tsayar da Raihana a bakin ƙofa. Kowane yaro ya rubuta sunansa a ƙasan katinsa, ita Kadi ta bar wurin fari fat. Da aka tambaye ta, sai ta ce ba amfani, babanta ba zai gane wace ce ba, ai bai san sunanta ba. Malamar ta faɗi wannan da muryar nan mai laushi da Turawa ke yi maka idan sun riga sun buɗe maka fayil a zuciyarsu.

Raihana ta kira shi da tsakar rana, wato tsakiyar barcinsa, ko gaisuwa ba ta kai ƙarshe ba.

"Ɗiyarka ta ce ma metires ba ka san sunanta ba."

"Wace ɗiya?"

"Voilà. Ka ji ka ko?"

"Haba Raihana. Ni hwa na ɗauko ragon sunan ga bisa kahwaɗata tun daga Rungis."

"An cinye rago tun shekara shida. Jiya ta tambaye ni ko don ita mace ce ba ka son ta."

Soumaïla ya tashi zaune a kan katifarsa. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, domin gaskiyar ita ce ya fi son yarinyar nan da komai, har da Affan ɗin, abin da ba zai amsa ba ko a gaban alƙali. A wurinsa rashin kiran sunan shi ne girman son. Haka ubansa ya yi da babban yayansu, ga shi nan ya girma ya zama direban tanka, ba abin da ya same shi. Sai dai yayan nasa ya tashi ne a garin da kowa ya san fassarar irin wannan shirun. Kadi ta tashi a hawa na tara, babu mai fassara mata.

"A watan Ut, watan takwas, kana da konje, hutun kwana shida," in ji Raihana. "Za mu kampin."

"Za mu mi?"

"Tanti, duwatsu, parc national. Babu tele, babu kujerar da za ka faɗa bisa. Kahin mu komo Lyon ina son in ji sunan nan ya hito bakinka, ta ji shi da kunnenta."

Ya ce mata kakansa ya kwana a daji don ba shi da zaɓi, ubansa ya sha wuya ya gina ɗaki, shi kuma ya hau jirgin sama ya zo ƙasar da har bayi ke da fitila, sannan a ce ya koma daji ya kwanta a ƙasa da gangan? Ta ce ta riga ta aro tanti wurin wani abokin aikinta. A kasuwa kuwa, da Mamadu, mutumin Cadi da suke sauke kaya tare, ya ji labari, sai ya ajiye kwalin da ke hannunsa ya dube shi da tausayi. Ya ce, "Malam Soumaïla, in korar ku aka yi daga gida ka faɗa, mu 'yan uwa ne."

Ranar tafiya ya iso Lyon da tsohuwar motarsa tana jan gindi. Mutumin da ke aiki a Rungis ba ya iya zuwa ko'ina hannu rabbana, balle daji. Ya zo da rabin rago a cikin akwatin ƙanƙara, da buhun albasa, da kwali biyu na mangwaro, da shinkafar da za ta ciyar da ƙaramin masallaci. Ya hana kowa taɓa lodi. Ya jera kayan yadda yake jera kwalaye a kan katakon falet a wurin aiki, mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama, ya naɗe duka da ledar nan mai manne wa kanta, har maƙwabta suka leƙo ta taga suna kallo. Aiki ya yi kyau, ko cokali ba ya motsi. Tanti kuwa, da yake ya fi komai nauyi, yana can ƙarƙashin komai.

Sun isa filin kampin da ke bakin gandun Vanoise da la'asar, ana ruwa. Sai da aka sauke rago da albasa da shinkafa da barguna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa kafin aka kai ga tantin. Raihana ta tsaya kawai riƙe da lema tana kallonsa, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya warware tantin ya tarar da sanduna goma sha huɗu da takardar bayani da harshen da bai san ko na wace ƙasa ba ne. Affan ya ɗauki sanda guda ya gudu da ita.

Wanda ya cece su wani tsoho ne daga motar da ke kusa, André, Bature mai farin gemu da gajeren wando, wanda da gani ka san ya fi shekara arba'in yana kwana a ƙasa da gangan. Cikin minti goma ya tsayar da tantin. Ya sunkuya wurin yarinyar ya tambaye ta sunanta, ta faɗa masa cikakke, ba rabin uwarta ba. Tsohon ya maimaita shi gaɓa-gaɓa, ya ce bai taɓa jin suna mai daɗinsa ba, daga nan kuma bai sake ajiye shi ba.

Washegari ta bayyana cewa rabin rago ba zai kwana uku a akwatin ƙanƙara ba. Raihana ta dafa shi duka a kan 'yar murhun gas, domin a nan ba a hura wuta. Ba a kuma tsinkar fure, ba a ɗaukar dutse, ba a ɗaga murya, ba a ba dabba abinci, duk an rubuta a wani allo da hotuna. Soumaïla ya karanta allon sau biyu, ya ce bai taɓa ganin dajin da ya fi ofishin takardun baƙi dokoki ba. Amma babu inda aka rubuta cewa mutum zai ci nama maƙwabcinsa na jin ƙamshi, don haka ya sa aka zuba a faranti goma sha biyu.

"Ke, kai ma mutanen can. Ke, wanga na masu tanti ja ne."

Kadi ta yi ta kai da kawowa da faranti a hannu biyu. Wasu suka karɓa suna waige-waige, suna neman inda aka ɓoye kyamara, a zatonsu wasan talabijin ake yi musu. Wata mata ta biyo ta har bakin tanti don ta yi bayanin cewa ita ba ta cin abin da ke da ido, Soumaïla ya ce mata wannan ɗin an cire idon tun a Paris. André ya dawo da farantinsa da wani yankin cuku a kai, irin mai warin nan da Soumaïla ke wucewa ta rumfarsa a kasuwa da hanci a toshe. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya kai shi bayan mota ya rufe da bokiti.

Kafin azahar duk filin ya san sunan yarinyar. "Kadidiatou, viens voir!" in ji André daga can, yana kiran ta ta zo ta ga wani abu. "Merci, Kadidiatou!" in ji masu tanti ja. Duk lokacin da aka faɗa sai Soumaïla ya zabura, don shi abin da kunnensa ke ji shi ne wani tsoho da gwiwoyi a waje yana ƙwala wa mahaifiyarsa Hajiya kira a tsakiyar jama'a. Amma ya ga yadda yarinyar ke juyawa da sauri in an kira ta, fuskarta a buɗe, da yadda take juyowa a hankali in shi ya ce "ke". Kishi ya kama shi sosai, kishin tsohon da bai yi kwana ɗaya da sanin ta ba.

Abin da André ke kiran ta ta gani shi ne marmot, wata dabba mai kama da gafiyar da ta samu wuri, wadda Turawa ke tuƙa mota awa huɗu don su gan ta zaune a kan dutse tana fito. Kadi ta haukace a kanta. Soumaïla ya dube ta da idon ma'aikacin kasuwa, ya ce za ta yi kilo biyar, kuma a Tawa da tuni yara sun gama da ita. Raihana ta taka masa ƙafa.

Ya gwada, kada a ce bai gwada ba. Da safe a wurin wanke kwanuka, su biyu kaɗai, yana wankewa tana ɗauraya, ya ja numfashi ya buɗe baki. Ya kai har "Ka", yarinyar ta ɗago kai ta zuba masa ido, sai ya ji kansa yana cewa, "Kawo soso." Ta miƙa masa soson ta ci gaba da ɗauraya.

A rana ta uku suka naɗe tanti, wannan karon a saman kaya, suka nufi gandun Écrins ta wata hanya mai lanƙwasa wadda wanda ya zana ta bai taɓa ɗaukar yaro a mota ba. Affan ya mayar da mangwaron da ya sha tun shekaranjiya. Da yaran suka yi barci a baya, Raihana ta rage murya.

"Saura kwana uku."

"Na sani. Ke ba ki gane ba ne. Ba ƙi na yi ba, bakina ne ba ya yi. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa faɗin sunan matar nan ba, ko ni kaɗai a ɗaki."

"Hajiya tana Tawa, tana da jikoki ashirin da masu yi mata fifita. Wannan tana bayanka, kai kaɗai gare ta."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce ta bar shi ya ji da hanya.

Rana ta huɗu aka ce za a hau zuwa wani tafki. Allon da ke bakin hanya ya ce awa ɗaya da rabi, amma wannan lissafin Bature ne mai sanda biyu da ba ya goye da kowa. Ba su yi rabin awa ba Affan ya ga wani ɗan rafi ya zauna a cikinsa da wandonsa, da gangan, yana kallon kowa. Ruwan daga ƙanƙara yake gangarowa. Raihana ta ciro shi yana tsala ihu, ta ce za ta koma da shi mota ta sake masa kaya, su biyu su ci gaba. Ta yi wa mijinta wani kallo kafin ta juya, shi kuma ya yi kamar yana gyara jakarsa.

Suka ci gaba da hawa, ita a gaba da hularta rawaya, shi a baya yana haki. Ya ba ta dabino ta karɓa, ya ba ta ruwa ta sha. Wajen ƙarfe biyu suka kai wani fili mai ciyawa da manyan duwatsu, ya ce su huta minti biyar, ya jingina da dutsen da rana ta ɗumama. Ƙarfe biyu na rana kuwa, ga jikin da ya shekara goma sha ɗaya yana sauke kaya tun kafin asuba, shi ne lokacin da barci ya fi nauyi. Bai san sanda ya tafi ba.

Da ya farka inuwar dutsen ta koma ɗaya gefen, yarinyar kuma ba ta nan.

Tsoron da ya kama shi bai taɓa jin irinsa ba. Ya duba bayan dutse, ya leƙa gangaren da ruwa ke ƙara a ƙasansa. Ya kama gudu yana ƙwala kira, dokar hana ɗaga murya ta tafi abinta. "Ke! Ke yarinya! Yayar Affan!" Wasu mata da miji da ke saukowa suka tare shi, suka ce za su taya shi nema, ya faɗa musu sunanta su kira. Ya dube su, gumi na zuba masa, ya ce tana da hula rawaya. Suka dubi juna. Amma mutanen kirki ne, suka bazu a kan dutse suna ihu da Faransanci, "Yarinya mai hula rawaya!"

Bai yi nisa ba, a bayan wata kwana, ya hango hular. Kadi tana kwance rub da ciki a kan ciyawa, kusa da wata mata mai kakin ma'aikatan gandun daji, suna leƙen marmot da madubin hangen nesa. Ya tsaya ya dafa gwiwoyinsa, ya yi hamdala ya fi sau goma kafin numfashinsa ya dawo. Matar ta miƙe. A ƙirjinta an rubuta Carine, a kafaɗarta akwai 'yar rediyo.

"Monsieur, 'yarka ce?" ta tambaya da Faransanci.

"Tawa ce, madame. Na gode, na gode ƙwarai."

"Na same ta ita kaɗai. Yaya sunanta?"

"Ai ta gaya miki."

"Ta gaya mini. Kai nake tambaya."

Ya yi murmushin da yake yi wa shugabansa a wurin aiki in kwali ya faɗi. Ya ce shekararta shida, an haife ta ran sha biyu ga Maris, ba ta cin tumatir, tana da tabo a gwiwar hagu. Carine ta ce duk ta ji, suna take nema. Ya ce abin yana da ɗan tsawon bayani. Fuskar matar ta canza, kuma ba za ka ga laifinta ba, ga ƙato ya fito daga bayan dutse yana haki, yana cewa yarinya tasa ce, ya san tabon gwiwarta amma bai san sunanta ba. Ta durƙusa wurin Kadi ta tambaye ta ko ta san mutumin nan.

Kadi ba ta cire idonta daga madubin ba. Ta ce, "Baban Affan ne."

Hannun Carine ya tafi kan rediyon. Soumaïla ya hango jandarmomi, ya hango katin zamansa a kan teburin wani, ya hango Mamadu yana ba da labarin a kasuwa har shekara goma. Sai dabara ta zo masa. Ya zaro wayarsa ya miƙa mata. Hoton da ke fuskar wayar na Kadi ne. Ya buɗe ciki, ga ta ranar da aka haife ta a hannunsa, ga ta ba haƙori, ga ta da haƙori biyu, ga ta ranar fara makaranta, ga ta tana barci a kan cikinsa shi ma yana barci. Duk hoton da Raihana ta taɓa aika masa yana nan, bai goge ko ɗaya ba, har waɗanda suka fito dishi-dishi. Carine ta yi ta turawa da yatsa, kafaɗunta suka sauka. Ta ba shi haƙuri ta ce aikinta ne, ya ce ai ta kyauta. Ta karɓi madubinta, ta shafa hular yarinyar, ta ce, "Au revoir, Kadidiatou," ta bi hanyar tafki.

Soumaïla ya mayar da wayar aljihu yana jin kansa gwani. Ya tsira daga jandarma, ya tsira da mutuncin Hajiya, bai furta ko harafi ba. Ya juyo zai ce su koma, sai ya ga yarinyar ta riga ta kama hanya ita kaɗai, bayanta a sandare, hannayenta a dunƙule.

Ya bi ta. Sun yi tafiya mai ɗan nisa kafin ta yi magana, ba tare da ta waiwayo ba, da Faransancinta na 'yan makaranta.

"Na ji ka tun ɗazu. Ina bayan dutsen nan, ba nisa. Na ji kana ta ke, ke."

"To mi ya hana ki amsa?"

"Jira nake. Na ce in na ɓace za ka kira."

Nan ya tsaya cak. Ashe ba marmot ta bi ba. Yarinya 'yar shekara shida ta zauna ta yi tunani, ta ga hanya ɗaya da ta rage mata ita ce ta ɓace, ta kuwa ɓace, ta kwanta a ciyawa tana saurare, shi kuma ya aika baƙi su kira ta da launin hularta. Kunya ta kama shi, wata iri dabam da wadda ya taso da ita, kuma wannan ta fi ciwo nesa ba kusa ba.

Ya sha gabanta ya durƙusa a kan tsakuwa har tsayinsu ya zo ɗaya. Ya haɗa Hausa da Faransanci ya ce mata ya san sunan tun kafin a haife ta, shi ya zaɓe shi, don sunan uwarsa ne. A garinsu mutum ba ya kiran sunan uwarsa, ba ya kuma kiran na ɗansa na fari, ba don ƙi ba, don sun fi ƙarfin bakinsa.

Ta dube shi da shakka. "Wace uwarka? Hajiya ta cikin waya?"

"Ita."

"Sunanta Hajiya."

"A'a, Hajiya ba suna ba ne. Tana da nata."

"To mene ne?"

Ma'aikaciyar gwamnati da kaki da rediyo ba ta kama shi ba, ga 'yar da ko ɗaurin ɗankwali ba ta iya ba ta rufe shi a lungu. Ya waiga dama ya waiga hagu, kamar Hajiya za ta ɓullo daga bayan dutse da muciya a hannu. Babu kowa sai duwatsu da wata marmot can nesa da ba ruwanta. Ya sunkuyar da kai ya faɗe shi a hankali, yana kallon tsakuwa, muryarsa kamar ta aro. Sama ba ta faɗo ba.

"Kada ki gaya ma Hajiya," ya ƙara da sauri.

Kadi ta auna abin. Sannan ta girgiza kai.

"Wannan nata ne ka faɗa. Ni ka kira ni."

Kafin ya ce wani abu ta ruga gaba, ta ƙirga taku ashirin da ƙarfi, ta tsaya a tsakiyar hanya ta juya masa baya, ta rufe hannayenta a ƙirji. Ya miƙe tsaye. Idanunsa sun cika da ruwan da ba zai iya ɗora wa iska laifinsa ba. Ya kira, sunan ya fito a shaƙe, ko rabin hanya bai kai ba.

"Ban ji ba!" ta ce, ba ta juyo ba.

Sai ya cika ƙirjinsa kamar zai tsayar da babbar mota a bakin rumfa.

"Kadidiatou!"

Ta juyo a hankali, tana ƙoƙarin danne dariyar da ta riga ta cika mata fuska. Yarinyar da ko ruwa za ta roƙa sai da Faransanci, ta buɗe baki ta ce, "Na'am?"

Shi kuwa tun da Raihana ta ba shi wa'adi yake fama da yadda zai fitar da sunan, bai taɓa tunanin abin da ake cewa bayansa ba. Ya tsaya baki buɗe, ita tana jira, kai a karkace.

"Igiyar takalminki ta kwance," in ji shi. "Zo in ɗaure miki."

Ta sunkuya ta dubi ƙafarta. Takalmin na manne ne, bai taɓa yin igiya ba. Ta ɗago kai ta dube shi, sannan ta taho da gudu ta ɗora masa ƙafar a kan gwiwa.